Rasuwar Na'urar Awon Sugana a Kofin Shayi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar awon sugana, wadda ta riga mu gidan gaskiya jiya da safe, bayan shekara uku da wata biyu muna tare.

Marigayiyar ba ta da daɗin zama, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Kullum da safe, kafin in sa komai a bakina, sai ta sha jinin yatsana, ta yi "ƙit-ƙit", ta nuna mini ɗari biyu da ɗoriya, ko kunya babu. Na sha zaginta, tunda ban ci komai ba. Likita ne ya raba mu, ya ce hanta ce ke zuba suga cikin jini gab da wayewar gari, ko an ci ko ba a ci ba. Ita ce kuma ta tona mini asiri ranar da na kai masa littafi cike da lambobin da na ƙaga da kaina. Danna ta kawai ya yi, ta zayyane masa komai. Tun ranar bai ƙara duba rubutuna ba.

Ni tela ce, yanar ido ta rufe mini idon dama, zare ma sai an zura mini a allura. Likita ya ce ba za a yi mini aikin ido ba sai marigayiyar ta nuna masa sugan safe mai kyau na sati biyu cur. Na koma cin abincin dare tun rana ba ta faɗi ba, na rage loma, na kiyaye lokacin magani. In na gama ci sai in zagaya layinmu da ƙafa, har maƙwabta na tambaya ko wani abu na yar. Kwana goma sha biyu muka haɗa ni da ita, duk suna ajiye a cikinta.

Ajalinta ya zo ta hannun yayan maigidana, mutumin da bai taɓa shigowa gidan nan a ƙoshe ba. Ya zo karin kumallo, ya ce shayin da na haɗa masa lami ne, wai don ina da ciwon suga na ɗora wa kowa. Ina kicin ya ɗauke ta daga kan keken ɗinki, ya tsoma ta cikin kofin gaba ɗaya wai ta auna sugan shayin don ya kafa mini hujja. Ta yi "ƙiii" sau ɗaya ta cika. Da na fito, ta'aziyyar da ya yi mini ita ce: "Ashe ma jabu ce." Ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo mini da maganar haƙuri.

Ta rasu ta bar tsinken awo goma sha tara, da alƙalamin huda yatsa, da baƙar jaka mai zif, sai ni, da zan koma ƙirga daga ɗaya da ido guda, ga ɗinkin mutane jibge.

Za a binne ta gobe da ƙarfe shida na safe a aljihun keken ɗinkina na ƙasa. Masu ta'aziyya su zo ba su karya ba, kamar yadda marigayiyar ta fi so. Ba za a ba da shayi ba. An keɓe wa Yaya kujerar gaba, kusa da ni. Alƙalamin huda yana nan da ransa, na sa masa sabuwar allura, na murɗa shi zuwa lamba ta ƙarshe mai huda da zurfi, kuma da wannan idon nawa ban yi alkawarin samun yatsa a karon farko ba.