Akwatin da Na Saya Don Maroko

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin da na dawo daga biro, wato ofis, na tarar da takalma jere a ƙofar gidana ba, ga tabarmi shimfiɗe ƙarƙashin itacen bedi, kuma babu wanda ya yarda ya haɗa ido da ni. Amma bari in koma baya kaɗan, ku ji yadda mutum mai cikakkiyar lafiya yake jawo wa kansa irin wannan.

A lokacin ina aiki da wani proje na kiwo a nan Dakoro, shekaruna arba'in da 'yan kai, albashi ba laifi. Sai na kamu da kallon wani mutum a salula, mai fararen haƙora, kullum yana zaune bakin teku yana bayanin yadda za ka bar aiki tun da sauran ƙarfinka, ka koma wata ƙasa, kuɗinka na yi maka aiki kana kwance. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba, na ƙudurta a raina sai na ƙarasa rayuwata a Maroko ina shan iskar teku. Shawararsa ta farko ita ce kada ka gaya wa kowa, wai mutane masu kashe gwiwa ne. Wannan kam na riƙe ta da kyau. Ko Salamu matata ban gaya wa ba (ba ta da mugun nufi, sai dai abin da ta ji da safe yayarta ta ji shi kafin la'asar).

Da shanu na fara, domin mutumin ya ce kada ka ajiye jarinka a abin da yake cin ciyawa. Na je har wajen Tagriss wurin Bafulatanin da yake riƙe mana dabbobi tun zamanin mahaifina, na ce a kai su kasuwa duka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko har da zuri'ar saniyar da aka ba ni ranar sunana. Na ce har da su. Da zan tafi ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yafe masa duk nonon da ya sha. Na ɗauka ladabin Fulani ne.

Kuɗin na raba, wani banki, wani na sayi fili a Maradi inda zan gina shagunan haya. Daga nan na shiga tsimi. Na fita daga adashin biro, na daina cin tsire, na daina zama a fada, wato majalisar shan shayi da abokaina, saboda karo-karon sukari. Ba a jima ba wuyan rigata ya fara yi mini yawa. Manyan riguna na rarraba wa 'yan uwa, tunda jirgi ba ya ɗaukar kaya masu nauyi. Maƙwabcina Alhaji Maman, wanda muka yi shekaru muna rigima kan indararonsa da yake zubo mini ruwa a katanga, na same shi har zaure na ce na bar masa, mu yafi juna (gidan nake son sayarwa, kuma ba mai sayen gida da rigima). Na je babban asibitin Maradi aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirjina, don mai fararen haƙora ya ce ka duba lafiyarka kafin ka tashi. Ina fitowa da auduga a hannu na yi kiciɓis da wata mata 'yar unguwarmu, na kauce mata da sauri. A ranar na sayi ƙaton akwati baƙi, na tura shi ƙarƙashin gado.

Bayan haka ne gari ya canza mini. In na doso majalisa sai hira ta mutu, a tashi a ba ni wuri mai inuwa. Mahauci ya aiko da hanta gidana ya ƙi karɓar ko dala. Yaran da suke buga ƙwallo a jikin katangata suka koma wani lungu, unguwa ta yi tsit. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ban taɓa yin doguwar magana da ita ba, ta tare ni a hanya ta shafa hannuna, ta ce in sa ta a addu'a. Wata rana ina ƙailula na buɗe ido na ga Salamu tsaye a kaina, ba ta motsi, idonta a kan ƙirjina. Na ce lafiya? Ta ce ƙuda take kora. Da na zauna na yi tunani sai na ce ai kwarjinin arziki ne ya fara fito mini. Har tafiyata na canza.

To, ranar da nake ba ku labari, rana ta take, ko kaza ba ta motsi a layinmu. Tun daga nesa nake jin gunjin karatu ƙasa-ƙasa, da ƙamshin turaren wuta irin wanda ban cika jin sa a gidan biki ba. Maza sun kai layi uku a tabarmi, har da dangin mahaifina na Birnin Lalle da na daɗe ban gani ba. Gabana ya faɗi, domin Inna, mahaifiyata, can take zaune kuma ta tsufa. Na yi sallama na ce, "Wa ya rasu?" Sai kawai suka dare, suka bar mini wuri a tsakiya, an shimfiɗa buzu an ɗora matashi.

Kawu Idi, ƙanin mahaifina, shi ya yi magana. "Zamna, ɗana. Mun ji komi. Hwaɗa muna gaskiya, mi likitocin Maradi sunka gani a hoton?"

Na ce, "Kawu, lahiyata lau."

Aka yi ta girgiza kai. Wani daga baya ya ce Allah sarki, ƙarfin hali. Kawu ya share ido da bakin rawani ya ce, "Haka ubanka ya yi. Ya saida raƙuminshi, ya raba tuhwahinshi, ya bi gida-gida yana neman gahwara, yana cewa lahiyarshi lau. Bai ga kaka ba."

A nan ne komai ya haɗu mini wuri ɗaya, shanun da rigunan da audugar. Na dubi fuskokin nan, na ga kowa kallon bankwana yake yi mini, har na fara tunanin ko dai akwai abin da likita ya gani bai faɗa mini ba. Ba yadda zan yi, sirrin nan dole ya fita. Na sunkuyar da kai na ce, "Maroko za ni."

Sai wurin ya ɗauki salati. Na manta cewa a wajenmu wanda ciwonsa ya gagari likitocin gida shi ake kaiwa Maroko. Alhaji Maman ya matso ya dafa kafaɗata. "Can za a yi aikin? In kuɗɗin jirgi ne kar ka damu, unguwa ta hwara haɗawa."

"Ba aiki za a yi mani ba, Alhaji. Ritaya za ni yi. In zamna bakin teku in huta."

Malaman da suke sauke Alƙur'ani don nema mini sauƙi suka tsaya a tsakiyar aya. Daga cikin gida ana jin ƙaurin ragon sadaka da aka riga aka yanka. Kawu Idi, wanda ya haura saba'in kuma har yau da hannunsa yake noman gero, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Hutawa," ya ce. "Mi ka yi da ka gaji?"

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Alhaji Maman ya janye hannunsa daga kafaɗata, ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce to maganar indararo tana nan inda take. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Dakoro a bazara ko gatari ba ya tsaga ta da sauƙi. Na sulale cikin gida ina zaton na tsira.

A ɗakina na tarar da Inna. Shekaru ke nan ba ta shiga mota ba saboda gwiwa, amma ga ta zaune a tabarma, Salamu a gefenta ido a kumbure. Salamu ta tashi ta fita ba ta ko dube ni ba. A cinyar Inna akwai farin ƙunshi, kuma na san shi. Likkafaninta ne, wanda ta saya tuntuni ta ba wani mahajjaci ya jiƙo mata da zamzam, take ajiye da shi a ƙasan adakarta.

"Na ce tunda kai za ka riga ni, ka hi ni buƙatarshi," in ji ta. "Yanzu kuma na ji ta taga an ce ba mutuwa za ka yi ba."

"A'a, Inna."

"Garin nan da za ka, in na cika da hantsi anka kira ka, kana isowa kahin a ruhe ni?"

Na ce ba zan iso ba.

"To ni wurina mi ya bambanta?"

Duk lissafin da na yi wata da watanni, na haya da na banki da na tsadar rayuwa a bakin teku, babu inda na sa wannan tambayar. Kunya ta waje wasa ce a kan wadda na ji a ɗakin nan, na durƙusa ina kuka kamar yaro. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini ƙunshin.

"Amshi. Aje mani wurinka. Ran da anka nema, kai za ka kawo shi da hannunka. In ka gama, tahi ka ga ruwan naka."

Har yau a biro Marigayi suke kirana, kuma ina amsawa. Salamu ta yi mako ba ta yi mini magana ba, yanzu kuwa ko buhun gero zan saya sai na yi shawara da ita, yayarta ma ta ji, ban damu ba. Shagunan Maradi sun kai linta. Darasin da na koya shi ne, in za ka bar gari a ɓoye, to ka ci gaba da cin tsirenka kuma kada ka yafe wa maƙwabci komai. Inna tana nan da ranta, tuwo ma ta fi ni ci, duk zuwan da na yi Birnin Lalle sai ta tambaye ni ko gara ba ta taɓa mata kaya ba. Ina ce mata ba ta taɓa ba, domin a cikin baƙin akwatin nan na sa shi, shi kaɗai ne a ciki. Akwatin yana ƙarƙashin gado inda na tura shi tun farko, kuma bayan kowace salla roƙona Allah ya nisanta ranar da zan jawo shi.