Sallau da Gangar Gidan Jatau

A Tungar Ƙaiƙai akwai gidan Jatau, 'yan kokawa tun kaka da kakanni. Jatau ya tsufa, amma har yanzu a karkace yake shiga zaure saboda kafaɗu. Babban ɗansa Mantau shi ya kwaso shi kaf. Sai ƙaramin, Sallau, siriri kamar karan dawa, kuma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Kokawar kaka ta matso sai Mantau ya yi targaɗe. A al'adar garin kuwa, gidan da aka kayar, a ranar ake ɗauke gangar kokawa daga zaurensa. Jatau ya dubi Sallau, ya ji kamar ya yi kuka.

Wata rana ya ce, "Kai, zuba wa yayanka ido. Duk abin da yake yi ka yi, ko ka yi jiki." Sallau ya ce, "To, Baba." Kafin azahar ga shi kwance gefen Mantau, ya sa maɗori ya ɗaure masa lafiyayyar ƙafa. Mantau na nishi, shi yana amsawa.

Wata rana aka tura shi wurin malamin asibiti, ko akwai allurar ƙwanji. Malamin ya ce, "Ƙwanji gadonsa ake yi, ƙwayoyin halittar iyaye ke yanke masa iyaka. Naka dai ka tashe shi. Kullum ka ɗaga abin da ya fi na jiya nauyi." Sallau ya fara da kaza, ya koma akuya, ya koma turmi. Da ya rasa abin da ya fi turmi, sai ya tarar da mai unguwa yana alwala, ya sungume shi har da butarsa, suka zube a kwata. Bawan Allah, har yau in ya hango Sallau sai ya rungumi bishiya.

Wata rana dai aka fito fili. Aka haɗa shi da Ɗanƙurma, wani ƙato mai wuya kamar na bijimi. Jatau ya raɗa masa, "Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka bari ya kama ka." Ana buga ganga Sallau ya zuba da gudu. Bai bar fili ba, tunda ba a ce ya bari ba. Ya yi ta zagaye, ƙato na binsa yana haki, makaɗa suka kasa kiɗa don dariya. Can jiri ya kwashi Ɗanƙurma, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Kaye ke nan, ganga ta zauna. Sallau kuwa yana ta gudu abinsa, ba wanda ya ce ya tsaya.

Jatau na share hawayen murna ya ce, "Wannan ƙafa dai ba ta gidanmu ba ce."

Talle, uwar yaran, jikar mafarauta, ta ce, "Ta gidanmu ce, Malam. Tun yana goye kake neman kanka a jikinsa, ka manta mu biyu muka haife shi."