Yadda Na Sayi Wayfai da Tattabara

Jiya tun kafin mai sayar da ful, wato dafaffen wake, ya buɗe tukunyarsa nake zaune da waya a hannu ina kokawa da shafin intanet na Masu Girma, wato hukumar garinmu. Allah ya ƙara musu basira, sun yanke cewa duk mai ɗakin tattabaru a saman bene a unguwarmu ya yi rajista ta intanet kafin azahar, in ba haka ba a rushe ɗakin. An ce ranar da suka ƙaddamar da shafin raguna bakwai aka yanka. Ni dai ko ƙashi ban gani ba.

Wayfai na gidanmu lafiyarsa ƙalau. Yana buɗe ƙwallo, yana buɗe girke-girken matata Ummu Tamir, amma da na taɓa shafin Masu Girma sai wani ɗan zobe ya yi ta juyi. Na kashe akwatin wayfai ɗin na kunna. Na ɗora shi kan firji. Ummu Tamir ta ce, "Maigida, ka hura masa iska mana, haka kake wa rimot." Na hura. Kada ku gaya wa kowa.

Na sauka shagon shayin Usta Shahata, na tarar da masu tattabaru shida kowa na hararar wayarsa. Usta, wanda ya taɓa aikin jan wayar intanet, ya ce, "Ku daina wahalar da yatsunku. Ranar farko mutum ɗari suka shiga lokaci guda, shafin ya firgita, ya zaci hari ne, ya toshe layin kamfaninmu gaba ɗaya."

Na ce, "Wato sun kira mu, da muka zo suka kulle ƙofa?"

Ya ce, "Ai ka gane. Sai ka nemi mai layin wani kamfani."

Mutum ɗaya ke da shi a titinmu: Mu'allim Dahshuri, wanda shekara tara ke nan yana sakin garken tattabarunsa da yamma don ya janye nawa. A al'adarmu tsuntsun da ya sauka rufinka ya zama naka, shi ya sa ko gaisuwa ba ma yi. Amma dole uwar na ƙi. Na hau benensa ina haɗiyar zuciya.

Ya ce, "A'a, maƙwabci, yau rana ta ina ta fito?"

Na ce, "Lambar sirrin wayfai ɗinka nake so, minti biyar."

Ya kalli rufina ya yi murmushi. "Jan namijin nan naka, mai dogon wuya."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don da hannuna na ciyar da shi tun yana ɗan tsako. Amma gara ɗaya ya tafi da a rushe ɗakin duka. Na kawo shi, ya ba ni lambar, shafi ya buɗe nan take. Na cika suna, na cika lambar gida, na rubuta yawan tsuntsayena: sha tara.

Sai jan rubutu ya fito, wai ba a yi wa ɗaki rajista sai tsuntsayensa sun kai ashirin.

Na juya na dubi Dahshuri. Yana shafa wuyan jan namijina ya ce zai iya ba ni aronsa, amma a matsayin baƙo, kuma ya dawo kafin magariba.

Ranku ya daɗe, Masu Girma, in kun zo dubawa ku zo da rana. Da yamma doka ba ta san ni ba.