Ranar da Na Amayar da Ƙanƙara a Gaban Surukai

Komai zan iya mantawa a rayuwata, ban da ranar da na kare kundin digirina na uku, domin ranar da hantsi na zama dakta, da la'asar kuma na zama maye.

Tarihi na karanta, bincikena kuwa a kan shari'o'in maita ne a ƙasar Borno zamanin Turawa. Shekarun nan gari ba lafiya, hanyar Konduga ba ta biyuwa, don haka dattawan da na so in tarar a ƙauyukansu sai a sansanin gudun hijira na same su. Wani tsoho da muka shaƙu ya ba ni wasu 'yan duwatsu masu santsi da sheƙi, ya ce ƙanƙarar maita ce da kakansa boka ya sa wani maye ya amayar. (Ga wanda bai sani ba, an ce a ciki maye yake ajiye ta, da ita yake kama kurwar mutane.) Na naɗe su a hankici na kai gaban farfesoshi don in burge su. Sun kuwa burgu, aka yi mini barka, na cusa hankicin a aljihu na fito ina jin kaina.

Sai dai akwai jarrabawa ta biyu da ta fi ta farko ba ni tsoro. Ina neman auren Yagana, mahaifinta dillalin shanu ya amince, amma a gidan nan magana ba ta ƙarewa sai kakarta Ya Falmata ta sa baki. Ranar aka ce in je unguwar Galtimari in gaishe ta, da wuri saboda dokar hana fita. Yagana ta ja mini kunne a waya: "Don Allah in Kaka ta tambaye ka, ka ce tarihi ka karanta, ka ja bakinka. Ban da lacca." Gaskiyarta ne. Ba mai ba da 'yarsa inda aka ji ko ƙishin-ƙishin maita.

Na samu tsohuwar a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura a gwiwa, sandarta a gefe. Gwaggwannin Yagana sun zagaye ta da goyo da 'yan yaye, kowacce ta zo ganin ƙwaf.

"Wushe, wushe, Malam Dakta," in ji ta, tana yi mini sannu da harshensu. "Kai ne za ka raba ni da jikata? Daktan me ma aka ce?"

"Tarihi, Kaka."

Na ja bakina kamar yadda aka umarce ni, har ina yaba wa kaina. Aka kawo ardeb, abin shan tsamiya mai sanyi, ni kuwa tun safe ba abin da ya shiga cikina. Na kafa kai, sai na ƙware. Tari ya turnuƙe ni, idanuna suka kawo ruwa, na zaro hankici na toshe baki na yi wani ƙaƙƙarfan kaki. Hankicin ya warware. Duwatsun nan suka zubo daga saitin bakina, suka faɗa kan tiren silba, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ɗaya har da gangarawa ya tsaya a gaban Kaka.

Ban taɓa ganin an kwashe yara da sauri irin haka ba. Wata gwaggo ta ja salati, wata ta tofa a wuyan rigarta. Da ina da wayo da sai in ce tsakuwa ce kawai. Ina! Malamin jami'ar da ke cikina ya motsa.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce, "ƙanƙarar maita ce, amma ba gadonta na yi ba, ba ni aka yi."

Ni da na cika babi guda a kan cewa maita iri biyu ce, ta gado da wadda ake karɓa a hannun wani, ni ne na amsa laifi na biyu da bakina. Na hango Yagana a bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka. Wallahi a lokacin na cire rai da auren, kuma zafin da na ji ya fi kunyar.

Ya Falmata ta ɗauki dutsen ta jujjuya, ta dube ni, ta dubi matan. "To, abu mai sauƙi," ta ce. "In maye ya kama mutum, ai tsallake shi yake yi ya warke. Ƙafar nan ta hana ni barci. Tashi ka tsallake ni. In ta warke, kai maye ne, ba kai ba Yagana. In ba ta warke ba, ɗan boko ne kawai mai tsince-tsince."

"Kaka, ni in tsallake ki?"

"Kunya kake ji ko tsoro?"

Haka na tattare babbar rigata har cinya, sabon dakta guda, na tsallake tsohuwa sa'ar kakata, na dawo na sake, mata na leƙe ta bayan labule. (A kundina na kira wannan al'ada wulaƙanci. Ban canja ra'ayi ba.)

Kwanakin da suka biyo baya kam sai dai Allah Ya yafe mini. Kullum in kira Yagana: "Ya ƙafar Kaka?" In ta ce da sauƙi gabana ya faɗi, in ta ce ta kwana tana nishi in ce alhamdulillahi. Da mako ya zagayo, tsohuwar ta tara matan ta ce ƙafa ƙaruwa ma ta yi, yaron nan ko kaza ba zai iya kamawa ba, a sa rana.

Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha aka ce Ya Falmata ta jingine sanda ta shiga tsakiyar mata tana rawa. Daga baya Yagana ta gaya mini gaskiya: tun washegarin tsallaken kumburin ya fara sacewa, saboda allurar da aka yi mata a asibiti. Tsohuwar ta san abin da mutane za su ce, shi ya sa ta yi ta ɗingishin ƙarya da nishi har aka ɗaura. Da na je yi mata godiya, cewa ta yi: "Godiyar me? Ni dai ka riƙe mini ita da kyau, kuma kar ka cinye mini tattaɓa kunne."

Na shekara da shekaru ina karanta yadda ake jefa wa mutum maita, ban taɓa cin karo da yadda ake wanke shi ba sai a tabarmar wannan tsohuwa. Abin da na koya kuwa bai kai a ba da digiri a kansa ba: in za ka gidan surukai, zazzage aljihunka tun daga gida, kuma in abu ya riga ya zube, kar ka yi bayani.