Askin Maraba

A wani daji mai duwatsu, inda dabbobi suka gina makarantar horon hafsoshin soja, wata beguwa mai suna Hansai ta lura da alƙalamin da magatakarda ya saƙala a bayan kunnensa. Ƙayar beguwa ce, baƙa mai ratsin fari uku, da ɗan lanƙwasa kusa da tsini. Hansai ta san lanƙwasar nan. Tun tana ƙarama ta samo ta, ranar da ta maƙale a bakin ramin gidansu. A kafaɗarta ta hagu ƙayar take kafin a tuge ta.

Ta kau da kai. Shekara huɗu ke nan ana koya mata yin shiru, kuma dama can ta zo da nata rabon shirun daga gida.

Makarantar tana da wata al'ada da ake kira askin maraba. Da zarar an rubuta sunan ɗalibi a rajista, kafin ya sha ruwa, wanzamin bariki zai zaunar da shi. Mai ƙaho a goge masa ƙahon, mai farce a yanke, mai haure a rage, mai ƙaya a tuge. Daga nan sai a riƙa maimaitawa duk wata. Asalin abin kuwa, shekaru da yawa da suka wuce wani babban baƙo yana duba fareti, sai hannun rigarsa ya kama ƙahon wani ɗan gwanki ya yage. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya yi damina biyu yana zama, ya gano cewa rigar ba ta da laifi. Tun daga lokacin babu rigar da ta sake yagewa a makarantar, kuma ana faɗin haka a kowane taro. Ƙayoyin da aka tuge kuwa sashen karatu ake kai wa, da su ake rubuta jarrabawa.

Ranar da muke magana ranar baƙi ce, wadda iyaye ke kawo 'ya'yansu masu sha'awar shiga su ga wuri, wanda ya gamsu a rubuta shi nan take. An tsayar da Hansai a gefen teburin magatakarda, wani gwaggon biri mai yawan hamma, tana riƙe da kwandon alƙaluma. Saura mata kwana tara a liƙa mata anini a kafaɗa. Dokar ranar ɗaya ce: ɗalibin da ke bakin aiki, in ya yi wa baƙo magana ba da umarni ba, ko sallama ce, an kore shi.

Daga nesa ta ji sautin da ta yi shekara huɗu ba ta ji ba, kacau-kacau na ƙaya tana gugar ƙaya. Innarta ce tafe, ga ƙaninta Jatau a bayanta, ya girma ya cika ƙofa, kowa na matsa masa.

"Hansai! Ke ce wannan?" in ji Inna. "Kai, jama'a, ku dubi yarinya ta yi sumul kamar tulu! Jatau, gai da yayarka mana."

Jatau ya zagaya ta sau ɗaya yana leƙen bayanta. "Yaya, ina ƙayoyinki?"

"Rufe mana baki, baƙauye," in ji Inna. "Wayewa ke nan. Kai ma yau za ka rabu da wannan kayan nauyi."

Hansai ta kafe ido a kan wani reshe da ke gabanta. Duk wasiƙun da ta aika gida sai da suka bi ta wannan teburin, shi ya sa babu abin da ke cikinsu sai lafiya lau da godiyar Allah. Yanzu ga abin da lafiya lau ɗin ta jawo.

Aka busa ƙaho, baƙi suka zauna a rumfa. Kwamandan makarantar, wani ƙaton ɓauna, ya hau mumbari a hankali yana tallafe da kansa, domin ƙahonnin da ke bisa kansa na itace ne, da igiya ake ɗaura su ranar taro.

"Iyaye, barkanku da zuwa," ya ce. "Kun kawo mana 'ya'yanku kowa da irin halittarsa, wani da tsini a gaba, wani da tsini a baya. Ba laifinku ba ne, haka kuka same su. Aikinmu shi ne mu gyara. Ku dubi layin can. Ɗalibai ɗari uku, in ka tsaya a wannan ƙarshe ka hango wancan, babu abin da zai tokare maka ido. Da asuba suke tashi, su yi gudu, su goge takalmi, su yi fareti, su sake goge takalmi saboda ƙurar faretin. Ɗalibinmu yana iya ƙamewa daga hantsi zuwa azahar ƙuda na yawo a hancinsa. Ku gaya mini, wane abokin gaba ne zai ga wannan bai ji kunya ba?"

Aka yi tafi. Sai shugaban sashen karatu, Farfesa Babba-da-jaka, ya taso yana jan ƙafa, ya gyara tabarau.

"Kwamanda ya yi maganar jiki, ni zan yi ta ƙwaƙwalwa. A shekarar farko muna koyar da Tarihin Yaƙe-yaƙen da Aka Kusa Yi. A ta biyu, Ladubban Rubuta Rahoto Bayan An Sha Kashi. A ta uku da ta huɗu kuwa, babban darasi, Sanin Abokin Gaba." Ya warware wata fata ya ɗaga sama. "Wannan ita ce damisa. Da hannuna na zana ta, bayan binciken shekara goma sha ɗaya a ɗakin karatu. Ku lura da ƙahonninta guda biyu. Wasu jahilai suna cewa ba ta da su, amma dabbar da ake tsoro haka, hankali ba zai ɗauka a ce kanta a sake yake ba. Duk ɗalibinmu yana iya zana ta ido rufe. Matsalarmu ɗaya, ƙarancin alƙalami, tun da wasu suka fara neman a mayar da aski duk mako."

"Da ni kake, Malam?" Samanja Gadu ne, mai kula da fareti, ya yi tsawa daga bakin rumfa. Haurensa biyu an rage su har sun koma kamar ƙwayar gyaɗa, shi ya sa miyau ke tsartuwa in yana magana. "Faɗi sunana mana! Wata guda ana jira, tsiro ya fito, kaki ya ƙi kwanciya a bayan yaro. Ni ake zagi ranar dubawa, ba kai ba!"

"Samanja, ƙayar mako guda ba ta riƙe tawada. Da me kake so su rubuta amsa, da takalmi?"

"Su rubuta da bakinka, ai ya isa tsawo!"

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Ka ji irin waɗanda aka ba tarbiyyar yara?"

Kwamanda ya so ya girgiza kai, ya tuna da igiya, ya fasa. Ya ce an riga an kafa kwamiti a kan maganar, sannan ya tambaya ko akwai mai tambaya cikin baƙi.

Wata baƙuwa da ke zaune ita kaɗai a layin ƙarshe ta ɗaga hannu. Tun kafin ta miƙe iska ta kawo wa Hansai warinta, sai ta ji wuraren da ƙayoyinta suke a da suna motsi, suna neman tashi, babu abin da zai tashi. Doguwa ce, mai roɗi-roɗi, tafiyarta ba ta ƙara. A hancinta akwai ƙananan tabo kamar guda goma inda gashi bai sake fitowa ba. Hansai ta tuna wata damina da aka yi ta tonon bakin raminsu, Baba ya fita da baya da gudu, aka ji ƙara, mai tonon ta tafi ba ta dawo ba.

Ɗalibai ɗari uku suka dubi baƙuwar, suka ga ba ta da ƙaho, suka mayar da ido gaba. Mai gadi kuwa tun da safe ya duba takardarta ta shiga, ya ga hatimi ya zauna daidai.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma," in ji baƙuwar cikin murya mai laushi. "Ni ba ni da ilimi, a yi mini haƙuri. Wannan aski, in sun gama makaranta, abin yana sake tsirowa?"

"Madalla da tambaya, baiwar Allah," in ji Kwamanda. "Kwantar da hankalinki. Bayan shekara huɗu saiwar takan mutu. Aikinmu ba ya warwarewa."

"Alhamdu lillahi. To su waɗanda za su gama bana, ina ake kai su?"

"Bakin iyaka, mashigin Kurmin Dorawa, nan da kwana tara. Kowa da wurin tsayuwarsa, shi kaɗai, don ya koyi dogaro da kai. Sunaye da wurare duk suna jikin allo a bakin ƙofa. Mu ba ma ɓoye-ɓoye."

"Na gode, ranka ya daɗe. Na gamsu."

Inna ma ta gane ta. Hansai tana kallo tsohuwar ta jawo Jatau kusa. Sai kuma ta dubi layin ɗalibai, ta ga ko kunne babu wanda ya kaɗa. Fuskarta ta washe.

"Ka gani ko?" ta ce wa Jatau da raɗa mai ƙarfi. "Damisa a tsakiyarsu, ko gezau! Ubanku da ya yi arangama da ita sau ɗaya, kwana uku yana zazzaɓi. Wallahi nan zan bar ka."

Aka buɗe rajista. Inna ta yi ta ture-ture har Jatau ya zama na huɗu a layi. A bayan teburin, ƙarƙashin wata bishiyar marke, wanzami ya riga ya shimfiɗa buhu yana gwada bakin hantsaki. Na farko ya wuce, wani ɗan barewa, aka ji ƙarar magogi a kan ƙaho. Na biyu ya wuce. Hansai ta auna abin ta kowace fuska. In ta buɗe baki, shekara huɗu sun tafi, kuma Inna za ta ce zafin rana ne ya taɓa ta, ta miƙa Jatau duk da haka. In ta yi shiru, kafin la'asar ƙayoyinsa suna cikin kwandon da ke hannunta.

Na uku ya wuce. Magatakarda ya yi hamma, ya zaro alƙalamin daga bayan kunne, ya tsoma a tawada.

"Suna?"

"Jatau, yallaɓai."

"Juyo in ga bayanka, a ƙiyasta wa Farfesa."

Jatau ya juya. Ɗan guntun wutsiyarsa ya sauka dab da takalmin Hansai, takalmin da ta goge sau biyu da safe. Tun suna yara ta san abin da ke faruwa in an taɓa wutsiyar nan, ta sha duka a kansa. Ba ta sauke ido daga reshen ba. Ta ɗaga dunduniya, ta sauke da duk nauyinta.

Jatau ya yi ƙara, ƙayoyinsa suka miƙe gaba ɗaya, ya zabura da baya. Teburi ya kife, tawada ta malale a kan rajista. Magatakarda ya yi tsalle yana ihu, ƙaya shida a damtsensa. Kwamanda ya waiwaya da sauri, ƙahon hagu ya zame ya rufe masa ido.

"Kada a karya! Kada a karya!" Farfesa ne ya taho da gudu. "A zare su a hankali, masu kyau ne!"

"Ɗan daji!" in ji Samanja, miyau na fita. "Tayar da ƙaya a gaban hafsa! An kore shi! Shi da makarantar nan har abada, ko sharar fili ba zai yi ba!" Ya juyo kan Hansai ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Tana ƙame, kwando a hannu, ko alƙalami ɗaya bai faɗi ba. "Kun ga bambanci?" ya ce wa baƙi. "Uwa ɗaya ta haife su. Wannan horo ne."

Jatau yana haki, hawaye na zuba. "Yaya, ke kika taka ni. Na ji takalminki. Yaya, ki gaya musu!"

Inna ta matso har Hansai tana jin numfashinta. "Gaskiya ne? Ke kin samu, shi ne ba kya so ƙaninki ya samu? Hansai, da ke nake. Dube ni."

Hansai ta ci gaba da kallon reshe. Akwai wata tururuwa da ke hawansa, ta bi ta da ido har ta ɓace.

"Shi ke nan," in ji Inna. "Allah ya ba ki aninin lafiya. Taso mu tafi, Jatau."

Suka nufi ƙofa, kacau-kacau, har yanzu ƙayoyinsa ba su gama kwanciya ba. A daidai nan baƙuwar layin ƙarshe ta iso ita ma. Da ta ga Jatau sai ta tsaya cak, ta shafi hancinta, ta ja gefe sosai har tana gugar katanga, ta bar masa hanya ya wuce shi da uwarsa. Duk a kan idon Hansai.

Sannan baƙuwar ta taka zuwa allo. Ta fito da farce ɗaya, dogo, wanda wanzami bai taɓa gani ba, ta bi jerin sunayen da shi daga sama zuwa ƙasa, ba gaggawa. A wani wuri ta ɗan dakata, ta waiwayo ta dubi wajen teburin magatakarda, inda Hansai take ƙame. Ta ɗauki takardar bayanin makaranta guda ɗaya daga tarin da babu wanda ya taɓa, ta ninke ta biyu, ta fice.

Mai gadi ya sara mata, domin a duk baƙin ranar ita kaɗai ce ta nuna sha'awar ɗaliban da gaske.