Kazar da Ba Ta da Ƙundu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi da na ɗauki kula cike da farfesun kaza na nufi Sabon Gari, ina ganin kamar alheri zan kai wa ɗana. Har yau in na tuna sai na ji fuskata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Sagir (ba shi ne na fari ba, don haka zan iya kama sunansa) ya yi shekara shida yana aiki a shagon kayan wutar lantarki na wani dattijo Inyamuri, Oga Sunday. Mutumin ya tsufa a Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. A lokacin ya kama sabon shago, yana neman wanda zai damƙa wa makulli ya riƙe shi kaɗai, kuma kowa a layinsu ya sa ran Sagir ne. Wannan makullin shi yaron yake jira ya fara maganar aure. Ana cikin haka aka yi wa Oga aiki a asibiti, ya dawo gida yana jinya. Na ce to, dubiya ta kama ni. (Ba zan ɓoye muku ba, rabin zuciyata dubiya ce, rabin kuma makulli.)

Abin da na iya a duniya bai wuce kiwon kaji ba. Karatu ma sai da na aurar da 'yata sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma kaza tun ina yarinya nake kiwonta. A ɗan tsakar gidanmu na Kwaciri ina da akurki biyu. Da safe na watsa musu dawa, na tsuguna ina kallonsu. Tsohuwar kaza ba ta dace da mara lafiya ba, sai ta gajiyar da haƙoransa. Wadda ke kwanci kuwa ta rame. Na kama wata budurwar kaza wake-wake da ba ta fara ƙwai ba, na taɓa ƙirjinta na ji tsoka ta rufe ƙashi, na ɗaga fiffike na ga ba ƙwarƙwata. Ita nake tattali don Sallah, amma na rufe ido.

Malam, maigidana, ya yanka mini kafin ya fita. Na tsoma ta a ruwan zafi na fige, na babbake ta sama-sama a garwashi, na wanke da lemon tsami. Na fasa cikin a hankali, na cire matsarmama ba tare da ta fashe ba. Na tsaga ƙundun, na zubar da tsakuwar, na ɓare fatar nan ruwan ɗorawa. Citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, attaruhu kaɗan saboda ciwo, har da ɗoɗɗoya, don na ji an ce Inyamurai suna son ta a farfesu. Na bar ta a kan gawayi tana dahuwa a natse, yadda kazar gida take so.

Da na zo ɗanɗana gishiri, ludayin ya ɗauko ƙundu. A gidajenmu wa yake neman ƙundu? Ko mai girki ta jefa a baki, ko ta miƙa wa yaro. Na hura, na cinye abina a tsaye, na juye sauran a kula.

Da la'asar Sagir ya tare mana adaidaita. Gidan Oga bene ne, na hau ina haki. Muka same shi a falo da zani a ɗaure a ƙugu, matarsa Madam Rose a gefe, ga kuma wasu dattawa biyu 'yan garinsu da suka biyo daga coci.

"Mama Sagir, da kanki? Ai da kin aiko."

"Haba Oga, jiki ai ba a aike. Ya ƙarfin jikin?"

Ya buɗe kular, ƙamshi ya cika falon. Ya ce wa baƙinsa wani abu da yarensu, suka gyaɗa kai. Ya juyo ya ce, "Na gaya musu wannan kazar gida ce, ba irin ta gona da ake hura wa iska ba." Na sunkuyar da kai, ina jin daɗi har cikin raina.

Madam ta kawo faranti da ludayi, Oga ya ce ta bari shi zai zuba. Ya ɗago cinya ya mayar. Ya ɗago fiffike, wuya, hanta. Ya sake juyawa har ƙasa. Sai ya dube ni, da murmushinsa, ya ce, "Mama Sagir, ina ƙundun?"

Amsar kalma biyu ce, kuma tana bakina. Amma na dubi dattawan nan da hulunansu, na ji nauyin a ce tsohuwa kamata ta tsame nama daga abincin mara lafiya. Sai na ji muryata tana cewa, a hankali kamar yadda na saba magana:

"Ai wannan ba ta da shi."

Ludayin ya tsaya. "Ba ta da ƙundu?"

Nan ma Allah ya ba ni ƙofa, ban bi ba. Na ce, "Kajin gida wani lokaci haka suke zuwa." (Ni fa, da na fasa cikin kaza ya fi a ƙirga.)

Ɗaya dattijon ya tambayi me na ce, Madam ta fassara masa ƙasa-ƙasa. Ya yi dariya har da tari. Oga bai yi ba. Murmushin ya bar fuskarsa, ya dube ni, ya dubi Sagir da ke tsaye bakin ƙofa, ya ɗan jima a kansa. Sannan ya mayar da murfin kular ya ce, "Na gode. Zan ci anjima."

Da Madam ta rako ni, a kan matattakala ta riƙe hannuna. "Mama, a wurinmu ƙundu na maigida ne. In aka ba dattijo kaza ba ƙundu, kamar ba a ba shi kazar ba. Amma ke ina za ki sani? Da kin ce kin ci, wallahi dariya zai yi, ya shekara yana tsokanarki. Koma ki faɗa masa, yanzu ma bai ɓaci ba."

Na ɗaga kai na dubi ƙofar, ina jiyo dattijon nan bai gama dariya ba. Na ce, "Madam, magariba ta kusa." Na sauka.

Muka hau adaidaita muka shigo Fagge. Sai da muka kusa gida Sagir ya ce, yana kallon titi, "Umma, shekara shida ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan ƙwan fitila ɗaya." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ba. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bayan sati uku Oga ya koma kasuwa, ya ba wani yaro daban makullin sabon shagon. Ya ce wa Sagir ya ƙara haƙuri, lokacinsa na zuwa. Bai taɓa ambatar kaza ba, kuma mai yiwuwa dama can yana da dalilinsa. Haka Malam yake ce mini in ya ga abin ya dame ni. Ni dai na ga kallon da ya yi wa yaron, kallon mai tambayar kansa a wane gida aka yi wannan tarbiyya. Maganar auren ma aka ɗaga, iyayen yarinyar ba su jira ba. Madam ta aiko mini da kular a wanke tas, da sabulu biyu a ciki, har yau ban iya sake zuba abinci a cikinta ba.

Abin da na koya da furfurata shi ne, kunyar minti ɗaya da na guje wa ita ce mafi arha a cikin duk abin da ke falon nan. Yanzu in aka nemi abu a tukunyata aka rasa, tun kafin a rufe baki nake cewa ni na cinye. Kuma tunda gaskiya nake koyon faɗa, bari in ƙarasa: ƙundun nan ko gama dahuwa bai yi ba.