Mai Gaya wa Jupiter Lokaci

Statius na zaune a rumfarsa a gindin matakalar haikali, yana fitar da yatsun wata ƙafar yumɓu, irin wadda masu ciwon ƙafa ke saya su kai wa alloli, sai mai sayar da zaitun ta leƙo ta ce, "Zakaranku fa ya tafi da safen nan." Ƙafar ta fita da yatsu shida. Bai ma lura ba.

Garinmu ya yi rashin babban mutum. Numerius ke nan, Zakaran Jupiter, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana ɗauke da nauyin da ba wanda ya ɗora masa, wato gaya wa sarkin alloli lokaci. Sai ya tsaya a kasuwa gaban dutsen auna inuwa, hannu a baya, kamar shi ya ba rana izinin wucewa. Inuwa na taɓa layi zai tattara mayafinsa da ya sha alli, ya hau matakala arba'in, ya tsaya gaban mutum-mutumin Jupiter, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, sa'a ta uku ta yi."

Jupiter bai taɓa musa masa ba, kuma da wannan yake kafa hujja.

"Mai riƙe da sama ina ya ga sukunin duba inuwa?" in ji shi. "Ku roƙonsa kuke zuwa yi. Ni taimaka masa nake yi. A riƙa bambancewa."

Ranar da hadari ya rufe rana, iliminsa ba ya ƙarewa. Yakan ratsa ta bayan gidan burodi ya tambaya a hankali ko gashi na biyu ya fito, sa'annan ya hau ya sanar da murya mai ƙarfi. Idan aka yi tsawa kuwa, sai ya ajiye ƙoƙon giyarsa ya ce, "Ku yi haƙuri, ana nemana."

Har gobe ana labarin ranar da shugaban gari ya kawo farin bijimi. An yi tsit, an rufe kai, addu'a ta kai rabi, sai ga muryar Numerius: "Ranka ya daɗe, sa'a ta huɗu ta yi." Addu'ar da aka katse ai ta lalace, dole a koma farko. Aka koma. Ana dab da gamawa sa'a ta biyar ta yi. Da bijimin ya gaji ya kwanta, shi ma aka ce bai yarda ba, a nemo wani. Aka fito da Numerius ta ƙeya, yana karkaɗe mayafi yana cewa, "Kun gani? Magana biyu na yi, gari ya tsaya cik."

Kowa ya yi dariya, har Statius. Amma shi ne ya wanke masa gwiwar da ta gurje. Tun suna yara yake wannan aikin.

Da zazzaɓi ya kwantar da Numerius, abin da ya dame shi ba mutuwa ba ce. Tsoronsa kada a ce duniya ta ci gaba ba tare da shi ba. Statius ya je masa da kunun alkama jiya da rana, ya tarar ya rame, ya zuba wa taga ido.

"Mai laka, zauna. Kwanana nawa ban hau ba?"

"Huɗu."

"Wa ya hau?"

"Ba kowa."

Numerius ya juyo daga taga. "To, ranar fa? Yaya take?"

Rana kuwa tana fitowa tana faɗuwa a kan kari, ko kunya babu. Statius ya dubi abokinsa.

"Gaskiya tana makara. Yau sai da kaji suka gaji da jira."

"Na faɗa muku." Fuskarsa ta washe. "Gobe ka hau ka gaya masa. Ka wanke hannu tukuna. Kada ka ɗaga murya, bai saba da kai ba."

"Idan ya tambayi inda kake fa?"

Numerius ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki.

"Ba zai tambaya ba. Shekara talatin da ɗaya, Statius, ko sannu bai taɓa ce mini ba." Ya ja mayafi ya gyara a kafaɗa. "Mu manya haka muke."